Hannun Hagun Manang Luming

Yayata Iluminada ba ta da tausayi, kuma ba ta taɓa wahalar da kanta wajen ɓoye hakan ba. Duk unguwar Jaro an sani. Mu a gida Manang Luming muke ce mata, wato Yaya Luming, sauran mutanen garin Iloilo kuwa Maestra, wato Malama, don ta fi shekara talatin tana koyar da fiyano a falon benen da babanmu ya bari. Da kunnena na ji ta gaya wa matar wani likita, a gaban 'yarta mai shekara tara, cewa yatsun yarinyar an yi su ne don ɓare jatan lande, ba don kiɗa ba.

"Haba Maestra," in ji matar, "ai yarinya ce."

"Shi ya sa na gaya miki da wuri. Tana da sauran lokacin koyon ɓarewar."

Yarinyar ta yi kuka har bakin titi. Da Asabar ta zagayo aka dawo da ita. Kullum sai an dawo da su, saboda duk yaron da ya jure wa Manang shekara shida, in ya je jarrabawar shiga makarantar kiɗa a Manila, ci yake yi.

Ni ce ƙanwarta, Basilisa, ana ce mini Basing. Shekara huɗu ta ba ni. Babanmu akawu ne a wani siton sukari a bakin tashar jiragen ruwa. Ya sayi fiyanon a hannun wasu masu gonar rake da suka karye, ya kai mu biyu wurin sistocin coci mu koya. Na yi shekara biyu. Manang ce da kanta, tana shekara goma sha biyu, ta ce wa babanmu muna cin abinci, "Tatay, Basing dakan shinkafa take yi, ba kiɗa ba." Ya cire ni. Ban riƙe ta a zuciya ba, don gaskiya ta faɗa. Na gama sakandare, na koyi ɗinki, na yi aure. Ita ta tafi Manila shekara biyar, ta dawo da takarda da ƙarin girman kai. Ba ta yi aure ba, ba kuma wanda ya yi mamaki. Da mijina ya mutu na dawo gida da keken ɗinkina na ƙafa, na kafa shi a ɗakin ƙasa. Daga nan shekara goma sha takwas, fiyano a sama, keke a ƙasa, katako ne kawai tsakaninmu. Mukan ci abinci tare. Ba mu cika magana ba.

Kiɗa mai sauri bai dame ta ba. Takan ce ko biri in yana da ƙuruciyar yatsu zai iya gudu. A kiɗa mai tafiya a hankali take kama mutum. Wani yaron zai bi ƙirga kamar soja, ɗaya biyu uku, ba rai a ciki, ta ce masa gawa. Wani kuma zai iso wuri mai daɗi ya narke, ya ja shi, ya ja shi, har takun ya ɓace, ta ce masa mashayi. Iyaye sukan saya wa 'ya'yansu ɗan akwatin nan mai sanda da ke kaɗawa dama da hagu yana ƙirga bugu. Ita nata taga ta tokare da shi.

Abin da take koyarwa ɗaya ne, na ji shi ta cikin katako ya fi sau dubu. Hannun hagu matuƙin kwale-kwale ne da zai kai ka tsibirin Guimaras. Hannun dama fasinja ne. Fasinja yana iya jingina, ya tsoma hannu a ruwa, ya waiwaya ya kalli garin da ya baro, ya yi kuka in ya ga dama. Matuƙi ba ruwansa. Filafilinsa na shiga ruwa yana fita, daidai wa daida, har a kai gaɓa. Tana da tsumagiyar gora a kan fiyanon, kuma ba ta taɓa dukan hannun daman yaro ba. Akwai manyan mutane a garin nan, lauyoyi da ma'aikatan jinya, da har yau in suka ji kiɗa mai sanyi sai ka ga sun tura hannun hagu ƙarƙashin tebur.

Kowace shekara a watan Maris, ƙarshen zangon makaranta, takan haɗa taron ɗalibanta a zauren makarantar sistoci. Yara su yi nasu daga ƙarami zuwa babba, sannan ita ta rufe. Kiɗa ɗaya take yi duk shekara, na wani Bature da ya mutu tun kafin a haifi kakanmu, bai wuce minti shida ba. Hannun hagu yana taka ƙasa sau ɗaya, ya hau matakai biyar, ya sake dawowa ƙasa, haka har ƙarshe. Hannun dama yana rera abinsa a sama. Ni kiɗa ba ya sa ni kuka. Amma na sha ganin manyan maza suna laluben hankici a wurin da take hawa can sama ta riƙe sauti ɗaya, ta ƙi sauka, ta ƙi sauka, har ka ji numfashinka ya tsaya, a ƙasa kuwa hagu na ta tafiyarsa kamar bai san da ita ba. Sai ta sauko ta same shi daidai inda ya kai. Don minti shidan nan ake yafe mata sauran shekarar. Iyaye kan fita suna cewa, mugunta dai akwai, amma ka ji hannu. Su kawo yara a watan Yuni.

A watan Oktoba na 1991, tana shekara sittin da uku, ta faɗi a kan matakala da safe, da kwandon kifi a hannu. Hawan jini. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, hannu da ƙafa da rabin fuska. Likita ya fito ya ce mini mu gode wa Allah, maganarta ta tsira. Na ce masa, "Kai dai ba ka san ta ba."

Ƙafar ta ɗan dawo, tana jan ta da sanda. Hannun bai dawo ba. Ya kwanta a cinyarta, yatsun sun lanƙwashe ciki, kamar wani abu da aka ba ta ajiya. Ɗalibai ashirin da biyu take da su a Oktoba. Kafin Kirsimeti sun koma bakwai. Iyayen ba su yi rashin kunya ba. Sukan zo da lemo ko gwangwanin biskit, su zauna minti goma, su ce karatu ya yi wa yaro yawa bana. Duk mun san inda ake kai su. Wata tsohuwar ɗalibarta, Delfina, ta buɗe nata wurin a unguwar Molo, da na'urar sanyaya ɗaki, tana ba yara alewa in sun yi kuskure don kada su karaya. Waɗanda suka rage ma jira suke su ga Maris. In Maestra ta rufe taro kamar kullum, to tana nan. In ba ta rufe ba, shi ke nan, tsohuwa ce mai shanyayyen jiki da mugun baki. Ta fi kowa sanin haka.

Wata rana cikin Janairu da hantsi, ina ɗinkin labule, na ji ta buga sanda a katakon da ke saman kaina, sau uku. Na hau. Na same ta a kan bencin fiyano, ta buɗe murfin.

"Zauna nan." Ta nuna hagunta da haɓa.

"Ina da aiki, Manang."

"Labule ba ya gudu. Zauna."

Na zauna.

"Wata uku ina kwance a kan katakon nan ina jin kekenki. Ba ni da abin yi, sai na riƙa ƙirga miki. Ƙafarki ba ta ƙara sauri, ba ta ragewa. Da safe haka, da yunwa haka. Har na tuna ranar da mamarmu, Nanay, ta mutu a ɗakin can, kina ƙasa kina ɗinka rigar da za a binne ta da ita. Ko a ranar ƙafarki ba ta yi gezau ba."

"Rigar ai sai an ɗinka."

"Abin da nake faɗa ke nan. Ba ki da zuciya, Basing. Irinki nake nema. Ba ni hannunki na hagu."

"Ni mai dakan shinkafa?"

"Har yanzu shi kike yi. Yanzu ne na ga amfaninsa."

Na ce a nemo Delfina, ko wani babban ɗalibi. Ta ce duk wanda ya iya kiɗa zai so a ji shi, zai zuba mata gishiri inda ba ta ce ba. Ita matuƙi take so, ba fasinja na biyu ba.

Mako goma muka yi. Karatun takardar kiɗa ya gudu daga kaina tun ina yarinya, don haka ta riƙa nuna mini da hannun damanta, layi-layi, ina haddacewa. Zaman kansa aiki ne. Benci ɗaya, kafaɗata ta dama manne da matacciyar kafaɗarta, hannuna na dama a bayanta yana tallafe da ita, don takan zame hagu ba ta sani ba. Tsumagiya kuwa ba ta da hannun ɗauka, sai ta mai da komai kan baki.

Haddar ba ta ba ni wuya ba. Abin da ya ba ni wuya, wanda ban zata ba, shi ne in ƙi bin ta. Kina zaune jiki da jiki da mutum, kina jin numfashinsa, in ya ja baya sai ki ga hannunki ya ja baya da kansa.

"Wa ya ce ki jira ni?"

"Kin makara ne."

"Da gangan na makara, jaka. Makarar ita ce kiɗan. In kin jira ni ai ban makara ba ke nan, mu biyu muka tsaya kamar motar da mai ya ƙare mata."

"To in na wuce ki fa?"

"Wuce. Ni na san inda zan same ki. Shekara hamsin ina samun hannun nan a inda ya kamata."

"Wancan naki ne."

"Wannan ma nawa ne, daga yau zuwa Maris. Sake."

A mako na huɗu na tashi na bar ta. Sau goma sha ɗaya ta ce mini jaka kafin rana ta yi tsaka, na ƙirga. Na sauka na koma ɗinkina. Kwana biyu ina jin ta a sama tana yin hannun dama shi kaɗai. Sauti na yawo babu ƙasa a ƙarƙashinsa, kamar mutum yana magana shi kaɗai a titi. Takan kai wurin nan na sama ta riƙe, ba abin da za ta sauko a kai, sai ta koma farko. A rana ta uku na hau da kwanon romon kaza da taliya. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Ta ɗanɗana ta ce, "Gishiri ya yi yawa. Zauna."

Dabarar da ta fisshe ni tawa ce, ba ita ta koya mini ba. Na cire takalmi, na riƙa taka keken da babu shi a ƙarƙashin fiyano, diddige, yatsu, diddige, yatsu. Idona kuma na kafa shi a kan wani ƙulli da ke jikin katakon murfin, in ɗauka kalmasar labule nake yi mai tsawo daga nan zuwa tasha. In na yi haka ba na jin ta sosai. Kiɗanta kan zama kamar rediyon maƙwabta.

Saura kwana tara taro, Manong Turing mai gyaran fiyano ya zo daidaita wayoyi kamar yadda yake yi kowace shekara. Da ya gama Manang ta ce ya tsaya, tana son kunnen da ba na gida ba. Muka yi daga farko har ƙarshe. A wurin nan na sama ta riƙe, ta riƙe, ni ina ta kalmasata, sai na ji ta sauko a kan yatsana daidai, kamar ƙafa ta shiga takalminta. Da muka gama tsohon yana tsaye da hularsa a ƙirji.

"Maestra, da na rufe ido da na rantse mutum ɗaya ne."

"Mutum ɗaya ne. Ɗayar kujera ce."

"To kujerar nan ta iya. Inday Basing, in ta kore ki taho wurina, ina neman mata."

Na ce, "Fara nemo haƙora, Manong."

Ya sauka yana dariya. Manang ta rufe murfi da kanta, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ba laifi." Shekarata hamsin da tara a lokacin. Ban taɓa jin ta faɗa wa kowa abin da ya fi haka ba.

Na ce mu je mu gwada fiyanon zauren ko sau ɗaya. Ta ce shekara talatin tana taɓa shi, ba za ta je ta ba sistoci abin kallo kafin lokaci ba. Na ɗinka mata baƙar riga mai farin wuya, da ɓoyayyiyar ɗamara a ciki da ke riƙe mataccen hannun a cinya kada ya zame ya yi lilo. Akwai abu ɗaya kuma. Tun da ta faɗi, yawu kan zubo mata ta gefen baki na hagu, ba ta ji. A gida nakan soka mata hankici a wuyan riga, in goge mata kafin mu fara. Ranar taro ta ƙi. Ta ce ba za ta hau dandamali da tsumma a wuya kamar jaririya ba. Ta shafa jan baki da hannunta. Ya ɗan karkace, na bar shi haka.

Asabar ce, ƙarfe uku na rana, zafi kamar cikin tukunya. Ban taɓa ganin zauren ya cika haka ba. Ɗalibai bakwai ne kawai, amma har a bakin taga mutane na tsaye. Ba kiɗa ya kawo su ba. Delfina na layi na biyu da furanni a cinya. Yaran suka gama nasu cikin minti arba'in. Maza biyu suka taso za su ɗaga Manang, ta ce wa na gaba in ya taɓa ta zai ga abin da ya rage a hannun damanta. Matakai huɗu ne. Ta hau su da sanda, ina bayanta, zaure shiru, kana jin jan ƙafarta.

Yadda ake ajiye fiyano a dandamali, gefen dama na mai kiɗa ne ke fuskantar mutane. Su suna ganin rabin fuskarta mai rai. Ni ce a ɗaya gefen, wajen bango. Na zare takalmi. Ta ce "Tafi" a hankali, na fara.

Rabin farko ya tafi daidai, ya ma fi na gida. Na ji kujeru sun daina ƙara, mafitai sun tsaya a hannun mata. Amma fiyanon sistoci ba irin namu ba ne. Baƙi ne mai sheƙi, babu ƙullin katako a jikinsa, babu inda zan kafa ido. Abin da ke cikin sheƙin murfin mu biyu ne, kamar a madubi. Na riƙa kau da kai ina kallon yatsuna. Muka iso wurin nan na sama. Ta hau, ta riƙe. Ban san abin da ya ɗaga mini ido ba. Idonta a rufe, gefen dama na fuskarta ya saki, irin yadda ban taɓa gani ba, kamar na yarinya. A gefen hagu kuwa yawu ya zubo, ya kwaso jan bakin, ya bi haɓa, yana lilo a kan farin wuyan da na ɗinka. Ba ta sani ba.

Hannuna ya tsaya. Bugu ɗaya ne. Jira na yi, irin jiran da ake yi wa mai sanda a bakin ƙofa.

Ta sauko ba ta sami kowa ba. Ta buɗe ido. Na yi sauri in cike, sai na wuce. Ta biyo ni. Da na ji tana biyo ni na rage don ta iso, ita ma ta rage. Daga nan babu matuƙi. Kowa na sauraron ɗan'uwansa, kowane layi ya fi na baya nauyi, kamar mutum biyu sun haɗu a ƙofa kowa na cewa wuce. Saura layi uku ta ɗauke hannunta ta ɗora a kan ɗayan a cinya. Na ƙara taka ƙasa sau ɗaya ni kaɗai, na hau matakai biyar, na daina.

Fanka ce kawai ke juyawa. Na tare ta da jikina, na goge mata haɓa da hannun rigata. Sai wani ya fara tafi, sai duk zauren, sai suka miƙe tsaye. Shekara talatin ba su taɓa miƙe mata ba. Mata na share hawaye, amma ba irin na da ba, irin na gaisuwar mutuwa. Delfina ta hau dandamali da furanninta tana cewa, "Maestra, ƙarfin halinki, Maestra." Manang ta dube ta. Na jira bakin nan ya buɗe ya yanka ta. Bai buɗe ba. Ta karɓi furannin. A nan na san an gama.

A cikin tasi, da muka wuce dandalin coci, ta jefo mini tambaya.

"Me kika gani?"

"Ba komai."

"Basing."

"Yawu. Ya sauko miki har wuya."

Ta taɓa wuyan rigar, ta dubi yatsunta.

"Sun gani?"

"A'a. Ta gefen bango ne."

"Sun gani ko ba su gani ba?"

"Na ce miki ba su gani ba."

"To wa kika tsaya wa?"

Direba ya ƙara sautin rediyo.

"Shekara hamsin da tara," ta ce, "ba ki taɓa jin tausayin ko kare ba. Sai yau. Sai ni."

"Ba da niyya na yi ba, Manang."

"Na sani. Da da niyya kika yi, da na yafe miki."

A watan Yuni yara biyu aka kawo. Kafin Satumba babu ko ɗaya. Ba wanda ya zage ta a gari, da ma zagin ne da ta fi jin daɗi. Mutanen da suka yi shekaru suna tsallaka titi don kauce mata suka fara tsayawa suna tambayarta jiki, da irin muryar da ake yi wa yara. Mai kifi ta riƙa ƙara mata ɗaya. Manang ta daina fita. Ta rufe fiyano, ta sa na lulluɓe shi da zanen tebur. Muna ci tare kamar da, shinkafa da busasshen kifi, ina yayyanka mata, ba ta cewa komai. Ni na koma kekena. Na san tana kwance a sama tana ji, na kuma san tana ƙirgawa. Ƙafata ba ta canja ba. Wannan ma bai taimaka ba.

Ba zan ce mutuniyar kirki ce ba. Ta sa yara da yawa sun tsani kiɗa har abada, ni kuma ba ta taɓa tambayata ko kaina na ciwo ba. Amma abu ɗaya take da shi a duniya, ta ba ni riƙonsa na minti shida, na sake shi. Limamin cocinmu ya ce mini Allah ba ya kama mutum da laifin tausayi. Na ce masa ai ba Allah ne ke zaune a kan bencin ba.

Sai bayan shekara guda, a Maris ɗin da ba a yi taro ba, na sake jin sanda a saman kaina. Ta ce in kawo kwalin nan mai kauri da ake naɗe yadi a jikinsa, wanda ya fi tsawo. Ta sa Manong Turing ya kafa shi tsaye a tsakiyar benci, daga mazauni zuwa sama da kai. Tsohon ya yi aikinsa, wannan karon bai yi wa kowa ba'a ba.

"In zauna?" na tambaya.

"Ke kin riga kin gani. Kwali ba zai cire miki ba. Tsaya a baya ki riƙe ni."

Abin da na yi ke nan shekara uku, har ta mutu a 1996. Ina tsaye a bayanta da zani ɗaure a ƙirjinta, ina ja kada ta zame.

Ta sa na rubuta wa tsofaffin ɗalibanta wasiƙa, guda arba'in da hannuna, na kai gidan waya. Goma sha ɗaya suka zo. Delfina na cikinsu, ita ce ma ta fi daɗewa tana zuwa, duk da Manang ta ce hannunta kamar dafaffiyar taliya yake. Yawancinsu sun jira ta duk da kwalin, don suna jin numfashinta. Takan ce "Sauka," su sauka. Sau biyu ko uku ne kawai a shekara ukun nan na ji an kai ƙarshe, a falo, ba mai sauraro sai ni. Wasiƙa ɗaya aka dawo mini da ita, mai ita ya bar ƙasar. Ga abin da ke ciki:

"Kai ko ke da na taɓa koya wa. Hannuna na hagu ya mutu, kun ji labari. Ina neman aron naku, ranar Asabar, ƙarfe huɗu, mutum ɗaya kowane mako. Kun san kiɗan. Kada ku sa ran godiya. Kada a zo mini da tsaraba, kada a tambaye ni jiki. Akwai kwali a kan benci, ku zauna hagunsa, kada ku leƙo. In kun ji na ja baya, ku ci gaba. In kun ji na yi shiru, ku ci gaba. In kun ji na faɗi, Basing na nan, aikinta ne, ku ƙarasa layin. Wanda ya san zai ji tausayina ya zauna a gida."